Kwalba Mai Jan Zare

Shekarar da aka fara kafa ginshiƙan gada a kan kogi, tsakanin Gaya da Malanbil, ita ce shekarata ta uku a kantin magani na Baba Sanda. Ba na manta ta, domin a cikinta na yi kuskuren da ya koya mini sana'ar. A lokacin ba a tsallaka kogi sai da bak, wato faffaɗan jirgin ƙarfe mai ɗaukar kamyo, manyan motocin kayan nan, da mutane da awakinsu gaba ɗaya. Kamyon gyaɗa sukan jeru tun daga mashiga har kusa da kasuwa suna jiran a zo kansu. Kantinmu yana gefen hanyarsu, ɗaki guda na ƙasa da rumfa a gabansa.

Ku samarin yanzu kuna cewa sayar da magani ba aiki ba ne, a miƙo kuɗi a miƙa fakiti. Ɗan ƙanena ya faɗa mini haka ido da ido, yana dariya. Ban ga laifinsa ba, ya tarar da magani a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, an rubuta masa kome a jiki. Mu gari muka tarar, da ruwa, da ma'auni. Ku gyara zama in ba ku labarin yadda yake, ba sauri nake yi ba.

Ni mutumin Yelu ne. Na yi karatun allo na sauke, na shiga littattafan fiƙihu wurin malamina, ban taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba. Na zo Gaya da matata da ɗa guda bayan damina biyu da ba su yi mana kyau ba. Baba Sanda mutumin Dandi ne, ya yi wa Nasara aikin anfirme, wato jinyar marasa lafiya a asibiti, har kansa ya yi fari, da ya ajiye aiki aka ba shi takardar izini ya buɗe kanti. Rubutuna na ajami ne ya sa ya ɗauke ni. Shi Faransanci yake rubutawa, to wa zai karanta Faransanci a ƙauye irin Karakara? Ajami kuwa kusan kowane ƙauye akwai wanda zai karanta wa mara lafiya. Yana faɗa ina rubutawa a jikin ƙunshi: ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar. Babu agogo, salla ce agogon. Wanda ya ce garinsu ba mai karatu, sai in ƙulla masa zare, ƙulli ɗaya kwana ɗaya, ya sha ya kwance. Sunana Hamidu, amma Baba Sanda bai taɓa kirana da shi ba. Alfa yake ce mini, yadda Dandawa ke kiran malami, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don tsokana.

Wata huɗu na farko ban taɓa magani ba. Kwalabe nake wankewa da toka da ruwan zafi in kife su a rana. Bayan nan ya ba ni ɗan ma'auni mai faranti biyu, wanda in ka yi numfashi kusa da shi sai ya karkata, ya ce in auna garin kinin ƙunshi ɗari. Na auna, na ninke takardu. Ya zari uku ya sake aunawa, sai ya zazzage ɗarin duka cikin turmin tangaran ya ce in sake.

"Alfa, in ka ƙara, kunnen mutum ya toshe. In ka rage, zazzaɓi ya yi maka dariya."

Ya koya mini gane magani da hanci, ido a rufe, don takardar jikin kwalba takan ɓare da damina, gara kuma ba ta jin Faransanci. Ya koya mini duba ƙwayar ido da harshe, da ƙirga numfashin mara lafiya. Yakan ce mai magani mutum yake fara dubawa, kwalba daga baya.

A cikin kayan kantin akwai wani ruwa mai launin shayi da ƙamshin kafur, ana ce masa faregorik. Maganin gudawa ne da murɗar ciki, kuma yana yi. Baba Sanda ya ce daga ƙaron wani fure ake yinsa, can gabas mai nisa, sunan ƙaron afiyun. Abin da na lura da shi a shekara uku shi ne, ruwan dai guda ne, amma ba hanya guda yake bi cikin mutane ba. Manoman Yelu da Karakara da Junju sukan zo da damina in ciki ya ɓaci, su sha kwana biyu, su manta da sunansa har baɗi. Masunta ma da wuya su tambaye shi, sun fi yarda da sassaƙensu. Ban taɓa ganin manomi ya dawo nemansa alhali cikinsa lafiya ba. Masu dawowa ƴan kan hanya ne. Akwai masu tuƙin kamyo da suka koyi shansa a tashoshin kudu, akwai tsofaffin sojoji da suka dawo daga yaƙin da Faransa ta yi a ƙasar Andoshin, inda aka ce ana zuƙar hayaƙin ƙaron nan kamar taba. Sannan ga ƙetaren iyaka, ƙasar Ingilishi. A Kamba, tafiyar rabin yini daga nan, ana sayar da wani ɗan'uwansa cikin ƴar ƙaramar kwalba, wanda ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, a kan tebur ɗaya da ashana da sabulu. Fatake sun ce can har masu goyo sukan ɗiga wa jariri don ya yi barci su samu su yi daka. Mu a nan ba mu san wannan ba.

Sarja Namata yana cikin waɗanda suka dawo daga Andoshin. Dogo ne, da tabo a wuya, yana aikin igiya a bak, shi ke ɗaure jirgin in ya iso gaɓa. Kullum bayan an fito masallaci da safe yakan zo ya ƙame a bakin rumfa ya sara wa Baba Sanda, wanda yake kira lokotoro, wato likita.

"Lokotoro, soja ya zo karɓar rabonsa."

"Sojan ya yi salla?"

"Ya yi, har ya yi wa maƙwabcinsa."

Sai Baba Sanda ya ɗauko wata kwalba mai cin rabin lita daga bayan kanta, mai jan zare a wuya, ya cika cokali ya ba shi. Sarja ya haɗiye, ya lumshe ido, ya sake sarawa, ya gangara bakin ruwa. Kowace Juma'a yakan kawo babban kifi maimakon ladan kwalbar, matar Baba Sanda ta dafa, a aiko mini nawa kwanon.

Wata safiya ina bayan ɗaki ina wanke kwalabe, ƙofar baya a buɗe, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Bayan tafiyar Sarja, Baba Sanda ya ɗauko wata ƴar buta, ya cika cokalin nan da ruwan cikinta, ya juye a kwalba mai jan zare, ya girgiza. Da ya fita na je na sansana butar. Ruwa ne, da ƙonannen sukari don launi, da ɗan kafur don ƙamshi. Washegari na zuba ido, haka. Kashegarinta ma haka. Cokalin magani ya fita, cokalin ruwa ya shiga.

Ni kuwa na karanta babin ciniki. Na san hukuncin mai zuba wa nono ruwa, da mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi ƙarƙashin busasshe. Algus ne, ban san masa wani suna ba. Kifin Juma'a kuma ladan algus ne, ga shi ina ci ina ba iyalina. Sai na daina ci. Matata ta tambaya, na ce cikina ne. Sau biyu na buɗe baki in tambayi Baba Sanda, sau biyu na rufe, don yadda aka tashe mu ɗalibi ba ya tuhumar malaminsa a fuska. Nan na ɓata. Na ji kunyar yin tambaya, amma ban ji kunyar yanke hukunci ba.

Ana cikin haka, gab da faɗuwar damina, umarni ya sauko daga sama: faregorik da duk danginsa a kulle, ba a ba kowa sai da takardar lokotoro, birni da ƙauye doka guda. An ce a manyan biranen bakin teku abin ya yi yawa. Wataƙila can dokar ta yi amfani, ban je na gani ba. A nan dai ga abin da na gani. Manomi zai taho da ƙafa daga Karakara ciki na murɗa, mu ce masa sai takarda. Lokotoron gwamnati guda ne, rabin wata yana rangadi. Sai manomi ya koma yadda ya zo. Masu tuƙin kamyo kuwa ko a jikinsu. Suka riƙa aika mai keke Kamba, ya dawo musu da ƙaramar kwalbar nan cikin buhun gishiri. Ƴan duwan masu binciken kaya a iyaka atamfa suke nema da albarushi, wa zai tsaya laluben kwalba kamar ɗan yatsa? Wanda ba ya bukatar tsaro shi aka tsare, mai bukatarsa kuma aka tura shi wajen abin da ya fi wanda aka hana shi ƙarfi.

Saboda dokar nan aka kira masu kantin magani Doso don a sake duba takardunsu. Kwana goma zai yi kafin ya dawo. Baba Sanda ya ba ni mabuɗi, ƙafarsa ɗaya a kan kamyo.

"Alfa, kwalbar Sarja ba ruwanta da dokarsu. Cokali ɗaya kullum. In ya tafi ka cika ta daga ƴar butar nan. In ya tafi, ka ji?"

Na ce na ji. Kamyo ya tashi. Abin da nake kallo daga nesa ina istigfari, yanzu an ce in yi shi da hannuna.

Safiyar farko na ba Sarja cokalinsa, ban ƙara ruwa ba. Ta biyu Juma'a ce. Ya zo da giwan ruwa har yana motsi, ya ajiye a bakin rumfa.

"Alfa, ga na maigidanka, ko da ba ya nan. Soja ba ya saɓa rana."

Na ce, "Sarja, ɗauki kifinka. Bai halatta gare mu ba."

"Kifin ne bai halatta ba? A wane littafi?"

"Ba kifin ba. Abin da ake ba ka." Na ɗauko butar na dire ta kusa da kwalbar. "Ruwa ne da sukari. Kullum ana zubawa, ban san tun yaushe ba. Ni dai ba zan tsaya gaban Allah da wannan ba."

Akwai mutum uku zaune a rumfar suna jiran kinin. Ban ko sassauta murya ba. Sarja ya ɗauki butar ya sansana, ya ɗanɗana. Ya yi haka da kwalbar. Sai ya yi wata ƴar dariya ta maƙoshi.

"Wata goma sha ɗaya," in ji shi. "Wata goma sha ɗaya ina sara wa ruwan sukari."

Ya dubi mutanen da ke zaune, ɗayansu ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Sai na ga gumi ya keto wa Sarja a goshi, mutumin da ya shigo lafiya lau. Ya bar kifin a ƙasa ya fita. Bai gangara bakin ruwa ba. Hanyar Kamba ya kama.

Washegari da hantsi wasu fatake suka kawo shi rataye a kan jaki. A gindin tsamiya suka tsince shi, sun ɗauka gawa ce. Ƙaramar kwalba na aljihunsa, ba ko ɗigo a ciki. Na ɗaga fatar idonsa, ƙwayar ta tsuke kamar bakin allura. Leɓɓansa sun yi duhu. Na ƙirga numfashi, sai in karanta Fatiha a hankali in ƙare bai ja na biyu ba. Lokotoron gwamnati yana rangadi. Abin da Baba Sanda ya taɓa gaya mini a kan irin wannan guda ne, kada a bar shi ya yi barci. Na aika a kira matarsa, na sa a dafa gahawa mai ɗaci, na kira ƴan bak biyu suka ɗaga shi tsaye. Ƙafafunsa na jan ƙasa. Ina ta kira, "Sarja! Namata!" Ko gezau.

Sai ga matarsa Gambi, ƴar gajeruwa, ta ci ɗamara da gyale. Ta zauna da shi a bariki shekaru kafin a ɗauke su zuwa yaƙi. Ta ture ni gefe.

"Malam, ba haka ake tada soja ba."

Ta yi ɗage ta kai bakinta kunnensa, ta daka irin tsawar da ake yi wa sojoji a filin rawar daji: "Gardabu!"

Allah ne shaidata, wuyansa ya miƙe.

"An, de! An, de! Ɗaga ƙafa, rago! Andoshin ba ta kashe ka ba sai kwalbar Kamba? Ka mutu ka bar ni da ƴaƴa huɗu, in biyo ka har can in ja maka kunne! An, de!"

Haka muka yi ta kai da kawowa da shi, daga rumfa zuwa gindin gawo, daga gindin gawo zuwa rumfa. Rabin kasuwa ta taru, wasu na dariya, wasu na salati. Masu riƙe shi suka gaji aka canza, aka sake canzawa. Azahar ma bi da bi muka yi ta. In kansa ya langaɓe, Gambi ta daka tsawa, ni in ɗura masa gahawa da cokali. Muryarta ta dushe amma ba ta bari ba. Wajen la'asar ya yi amai, ya buɗe ido, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa ya ɗaure bak?" Gambi ta zauna a ƙasa daɓas ta rufe fuska da gyalenta.

Da Baba Sanda ya dawo na gaya masa kome, ban rage ba. Bai katse ni ba. Da na ƙare ya ɗauko kwalba mai jan zare ya ɗaga ta sama wajen haske.

"Ka san abin da ya rage na magani a cikin nan? Bai isa ya sa kaza gyangyaɗi ba. Ranar da mutumin nan ya fara zuwa wurina, ƙashi ne da fata. Irinsa in ka hana shi rana ɗaya, sai amai da zawo da ciwon gaɓoɓi kamar ransa zai fita, ya tashi ya nemo ta ko ina take. In ka sake masa kuma, ya ƙare a hankali. Sai dai ka sauko da shi kaɗan kaɗan, yadda jikin ba zai farga ba. Saura wata guda in zaunar da shi in ce, Sarja, ka warke tuntuni ba ka sani ba. Ya je Kamba ya sha ma'auninsa na da, jikin kuwa ya riga ya manta da shi."

Na ce, "Baba, na ɗauka algus ne."

"Algus ne mana, in don in ci kifinsa na yi. Alfa, ka karanta babin ciniki. Babin tambaya fa, malaminku bai kai ku can ba?" Ya ajiye kwalbar. "Ni ma da nawa. Na ga ka daina cin kifi, na ce ko cikinka ne."

Bai kore ni ba. Ya ce, "Ka zubar masa da wata goma sha ɗaya, suna wuyanka. Yadda za ka mayar masa kai ka sani, don dabarar nan ba ta cin mutum sau biyu."

Daminar nan ita ce mummunar daminarmu. Sarja ya koma wa abin gaba ɗaya, mai keken Kamba ya san ƙofar gidansa. Wata rana ya yi gyangyaɗi da igiya a hannu, bak ya bugi gaɓa, aka sallame shi. Gambi ta koma suyar kifi a mashiga don yara su ci. Shi kuwa yana yini gindin gawo, idanu rabi a rufe. Kullum da safe in na fito masallaci sai in biya in ce, "Sarja, ina kwana." Ko kai ba ya ɗagowa. Haka har gero ya fitar da kai. Ran nan ya ɗago.

"Alfa, me kake nema wurina? Gafara? Na yafe, je ka ka bar ni."

"Ba gafara kaɗai ba. Watanninka ne a wuyana."

"Ka taɓa ganin an mayar da wata?"

"A sake kwalba."

Ya tofar da yawu gefe. "Da hannun wa? Na maigidanka da ya mai da ni yaro, ko naka da ya tsiraita ni gaban mutane?"

Na ce, "Da naka. Kai za ka ɗebi cokalin, kai za ka zuba ruwan. Tataccen ruwa zalla, ba sukari ba kafur. Ni mai ajiya ne kawai, kuma shaida."

"In na ƙi zubawa fa?"

"Sai mu zauna har ka zuba."

Na bar shi nan na koma kanti. A rana ta uku na tarar da shi a bakin rumfa. Bai sara wa kowa ba, amma ya zo.

Sabon magani kuwa sai da takarda. Baba Sanda ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki ya je wurin lokotoron gwamnati, wani saurayi ɗan kudu. Saurayin ya ce umarnin bai tanadi irin wannan ba. Baba Sanda ya ce to zo ka gan shi tukuna. Ya zo, ya duba idon Sarja, ya saurari Gambi, ita kuwa ba ta da gajeren bayani. Sannan ya zauna a rumfarmu ya rubuta takardar kwalba guda, da sharaɗin kada ta fita daga kanti. Yana rubutawa yana cewa waɗanda suka yi dokar ba su ga Namata ba, shi kuwa ya gan shi.

Saukowa da ido buɗe ta fi ta farko wuya ƙwarai. Da cokali biyu muka fara, safe da la'asar. Akwai ranakun da zai riƙe cokalin ruwa a bakin kwalba, hannun ya ƙi karkata.

"Yau kam a bar ta, Alfa. Jiya ban runtsa ba."

Muka yi yarjejeniya, yana iya hutawa kwana uku bai ƙara ruwa ba, amma magani ba ya sake shiga kwalbar har abada. A irin ranakun nan sai in ba shi turmin tangaran ya yi ta niƙa mini gari, ko ya ninke takardu, don hannun ya samu abin yi. A nan ya ba ni labarin Andoshin, gonakin shinkafa kamar fadamun Dandi, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Ya ce da aka harbe shi a wuya allura aka riƙa yi masa, da aka daina allurar wani abokinsa ya kai shi wata bukka inda ake zuƙa. "Ban nemi abin ba, Alfa. Ciwo ne ya gabatar da mu." Sau ɗaya ya ɓace kwana biyu. Na ce shi ke nan. A rana ta uku ya shigo, ƙafafu duk ƙura, ya ajiye ƙaramar kwalbar Kamba a kan tebur, hatiminta bai fashe ba.

"Na kai har can. Na saya. Ɗauke ta daga gabana."

Da bazarar da ta biyo baya Baba Sanda ya kwanta ciwon ajali. Duk ranar da na shiga gaishe shi ba ya tambayar ciniki, sai ya ce, "Kwalbar Sarja, launinta fa?" In ce kamar shayi. Daga baya in ce kamar ruwan tsamiya. Ranar ƙarshe na ce kamar ruwan kogi da rani. Ya ce, "Kada ka yi sauri." Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Kantin ya bari a hannuna, na riƙe shi shekara talatin da ɗoriya.

Yanzu da na tsufa ina ji a rediyo ana faɗin wata hoda mai suna heroyin, jikar ƙaron nan ce, an ce ta kama wasu birane ta bar wasu, ta shiga wata unguwa ta tsallake ta kusa da ita. Ban yi mamaki ba. Abin nan ba kamar ruwan sama yake sauka a kan kowa ba. Hanya yake bi, da tasha, da mai ciwon da ba a kula da shi ba. In da masu yin doka za su tambayi tsohon mai kanti, da na ce su fara duba ta inda yake shigowa kowane gari, da wanda yake samu in ya shigo, kuma kafin su kulle ƙofa su leƙa su ga ko akwai Kamba a bayan gida. Amma ba su tambaye ni ba, bari in ƙarasa muku.

Makon da kamyo na farko ya haye gada aka ɗaure bak gaba ɗaya, Sarja ya zo ranar Juma'a da hantsi. A lokacin ya yi ƙiba, yana su da kwalekwalen surukinsa. Kifi na hannunsa, ya rataye shi a jikin rumfa. Na ɗauko kwalbar da cokali kamar kullum. Bai karɓi cokalin ba.

"Alfa, kai ne malami. Ruwan da ake alwala da shi, mene ne sharaɗinsa?"

Na ce, "Kada launinsa ya jirkita, ko ɗanɗanonsa, ko ƙamshinsa."

"To duba mini wannan."

Na kara kwalbar a jikin farar rigata, ban ga launi ba. Na rufe ido na sansana yadda Baba Sanda ya koya mini, na daɗe ina neman kafur ban same shi ba. Na ɗiga a harshe.

Na ce, "Ruwa ne, Sarja."

Ya karɓa, ya zauna a kan dutsen bakin rumfa, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla. A hankali ya yi alwalarsa, yana tsiyayawa kaɗan kaɗan, rabin litar nan ta kai shi har ƙafar hagu. Ya kife kwalbar, ɗigo biyu suka faɗa ƙasa. Sannan ya kwance jan zaren ya miƙo mini.

"Wata goma sha ɗaya ka ɗauka, ka mayar da goma sha huɗu. Ukun ka riƙe, na bar maka." Ya nuna kifin da haɓa. "Wannan fa, ya halatta?"

Na ce, "Ya halatta."

"To a kai wa matarka kafin ƙuda su riga ka."

Ya miƙe ya ƙame, ya sara mini, karo na farko tun waccan Juma'ar. Muka tafi masallaci tare, shi da alwalarsa. Da muka sauko na ci kifin nan har kai.